Karkatar da Jijiya: Tiyatar Farfaɗo da Hannu Bayan Rauni

Manyan jijiyoyi biyu ne ke ratsa wuyan hannu ta gefen tafi, suna kai umarnin ƙwaƙwalwa ga ƙananan tsokokin hannu. Ta tsakiya ita ke sa babban yatsa ya taɓa sauran yatsu. Ta gefen ƙaramin yatsa kuma ita ke ware yatsu da haɗe su. Dukkansu kusa da fata suke, shi ya sa kuskuren lauje wajen yankan shinkafa a fadamun Wurno da Goronyo, ko saran adda, ko fasasshen gilashi, kan iya datse su.

Idan ta gefen ta yanke, ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa sukan yi dindiris su lanƙwashe, naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya zube har ya yi rami, murɗa mukulli ma ya gagara.

Matakin farko shi ne ɗinke bakunan jijiyar. In akwai giɓi, akan yanko wata daga ƙafa a cike shi. Sai dai jijiya kimanin milimita 1 take tofowa a rana, tsoka kuwa in ta yi wata 12 zuwa 18 babu saƙo, da wuya ta farfaɗo. Nan ne amfanin karkatarwa: a yanke lafiyayyen reshe wanda rashinsa ba zai nakasa hannun ba, a ɗinke shi da reshen da ya daina aiki dab da tsokar, tafiyar ta gajarta. A 1994 Christophe Oberlin ya bayyana irin wannan dabara a Faransa don dawo da lanƙwasa gwiwar hannu. A hannu kuma akan ari reshen wata tsoka da ke saman wuyan hannu, ko na cikin tafin kansa, a yi ɗinkin ƙarƙashin madubin ƙara girma da zaren da bai kai gashi kauri ba. Bayan nan sai watanni na gashi da motsa yatsu, har ƙwaƙwalwa ta saba da sabuwar hanya.

Lokaci shi ne komai. Mutumin Achida ko Raba da aka ɗinke wa fata amma yatsunsa ba sa ji, kada ya zauna jiran sauƙi ko ya tsaya wajen mai ɗori. Ya nemi likitocin tiyata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. In an makara, abin da ya rage shi ne sauya wa agarar wata lafiyayyar tsoka mazauni, dabarar da aka daɗe ana gyara hannun masu kuturta da ita.