Kalmar "Paper": Ba Kowace Takarda Ce Takarda Ba

A wannan fitowa mun ɗauko wata kalmar Turanci da ba a wuni a Zango ba a ji ta ba, wato "paper". Kowa ya san fassararta takarda ce. To amma mun lura da yawa daga cikinmu, musamman iyayenmu da ba su yi boko ba, sukan shiga matsala saboda kalmar tana sauya ma'ana gwargwadon abin da ta haɗu da shi. Shi ya sa muka ga ya kamata mu warware ta.

Asalinta daga "papyrus" ne, wani tsiro na bakin kogin Nilu wanda mutanen Masar na da suke rubutu a kansa. Idan an faɗe ta ita kaɗai, ana nufin farar takarda da ba a rubuta komai ba. A wannan ma'ana Bature ba ya ƙirga ta. Mai son falle guda sai ya ce "a sheet of paper" ko "a piece of paper". Daga nan aka sami "paper bag", jakar takarda, da kuma "sandpaper", wanda kafintocinmu suka mayar sanfefa.

Da zarar an sa mata "a" ko "the" a gaba, sai zance ya sauya. "The paper" jarida ce. Wanda ya ce ya ga labari "in the paper", a jarida ya gani. Mu a nan Gana ma mun ƙara namu, domin da yawa kowace jarida "graphic" suke ce mata, saboda shaharar Daily Graphic da aka kafa a 1950. A wajen 'yan makaranta kuwa "paper" jarrabawa ce. Idan ɗanka mai rubuta BECE ko WASSCE ya ce gobe yana da "paper", ba kuɗin sayen takarda yake nema ba. A bar shi ya yi karatu, kada a aike shi kasuwa. Ran zaɓe kuma akwai "ballot paper", takardar da ake dangwala wa yatsa. "White paper" ita ma ba farar takarda ba ce. Sanarwa ce da gwamnati take fitarwa don bayyana matsayinta, misali bayan hukumar bincike ta miƙa rahoto.

Inda kalmar ta fi nauyi shi ne idan an ƙara mata "s", ta zama "papers". Nan ana nufin takardun shaida. Ɗan sanda ya tsai da direba ya ce "your papers", lasin da inshora da takardun mota yake so ya gani. Jami'in shige da fice ya faɗa, fasfo da izinin zama yake tambaya. Dattawanmu sun san zafin wannan kalma. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba da umurni cewa duk baƙon da ba shi da izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Zangunan Kumasi da Ankara da sauran garuruwa suka girgiza. Mutane suka sayar da gidaje da kaya a wulaƙance, har da waɗanda a nan aka binne cibiyarsu, ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Ba su taɓa zaton wata rana za a tambaye su takarda ba. A 1983 kuma Nijeriya ta yi irin wannan kora, 'yan Gana wajen miliyan guda suka dawo gida. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Kakanninmu sun zo fataucin goro Salaga tun kafin Turawa su shata iyakokin nan, amma ofis ba ya aiki da tarihin baka. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan fara aiki da shi ɗan ƙasa ne muddin ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Tabbatar da haka kuwa sai da shaida. A rajistar masu zaɓe ta 2020, abin da aka karɓa shi ne Ghana Card ko fasfo, ko kuma mutum biyu masu rajista su tsaya maka. A 2021 aka fara sabunta rajistar layukan waya, ita ma da Ghana Card.

Akwai wata haɗuwa mai ruɗi, wato "on paper". Wani dattijo a unguwarmu ya sayi fili a bayan gari. Da ya ji ƙishin-ƙishin akwai mai jayayya, sai ya tafi da ƙanensa wajen wani masanin doka. Masanin ya duba ya ce, "On paper, the land is yours." Dattijo ya ji an ambaci takarda, ya yi hamdala, ya miƙe zai tafi. Ƙanen ya riƙe masa hannu ya ce, "Yaya, zauna tukuna, bai gama ba." Ma'anar maganar ita ce, a rubuce dai filin naka ne, amma a zahiri akwai sauran magana. Ashe an sayar wa wani shi tun da farko. Duk sa'ad da muka ji "on paper", mu saurari "amma" da ke biye. Wannan daban yake da "put it on paper", wato a rubuta a ajiye, wanda shi ne ya kamata mu riƙa cewa a duk cinikin fili ko hayar ɗaki ko rance.

Sai "paperwork", wato ɗawainiyar cike-cike da sa hannu da hatimi. Idan ma'aikaci ya ce maka saura "paperwork", nufinsa aikin bai kammala ba. Ka tambaye shi wace takarda ce ta rage, wa zai sa mata hannu, yaushe kuma za ka dawo.

Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce, kada mu sa hannu ko mu dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta mana shi da harshen da muke ji ba. Mu yi wa jarirai rajistar haihuwa da wuri. Mu tabbata sunan da ke takardar haihuwa shi ne a katin shaida da takardun makaranta harafi da harafi, domin Muhammadu a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsai da mutum a ofis. Mu adana na asali inda ruwa da gara ba za su kai ba, mu riƙa yawo da kwafi. Yaranmu 'yan boko kuma su riƙa raka iyaye ofis, wannan ma biyayya ce.

Mai tambaya ba ya ɓata. Allah ya kiyaye mana mutuncinmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.