Kujerar Taga a Jirgin Sama: Hagu ko Dama?

Yawancin matafiya, idan aka tambaye su inda suke son zama a jirgin sama, "kusa da taga" kawai suke cewa, su karɓi takardar shiga su wuce. Sai jirgi ya ɗaga mutum ya tarar fiffike ya tokare masa gani, ko rana ta dallare masa ido har ya ja murfin tagar da hannunsa. Taga suna ta tara.

A jiragen da suka fi zirga-zirga a cikin gida, irin su Boeing 737 da Airbus A320, kujeru uku ne a kowane gefe. Idan ka fuskanci gaban jirgi, kujerar A ce ta taga a hagu, F kuma a dama. Abin da zai raba maka gardama tsakaninsu shi ne rana. Ka zauna a gefen da ba ta bugawa, domin a nan ne ƙasa take fitowa tas, da launinta da inuwar duwatsunta. A ɗaya gefen kuwa ba abin da za ka samu sai ƙyalli da tabon gilashi.

Ɗauki hanyar Kano zuwa Legas, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi, kudu maso yamma. Da safe rana tana gabas, wato hagunka, don haka F za ka nema. Jirgin la'asar kuwa sai ka koma A. A wannan hanya ake tsallake Kogin Neja, kuma idan sama ta yi garau za ka gan shi kwance da tsibiran yashinsa, ka kuma ga yadda jar ƙasar Arewa take rikiɗewa a hankali ta koma kore shar. Dawowa da safe ma A ta fi, har da riba biyu: rana tana dama, sannan jiragen da ke tashi daga filin jirgin Legas da ke Ikeja galibi kudu suke fara fuskanta, saboda haka tafkin Legas da gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, suna faɗowa ta hagu. Na ce galibi, domin iska ce ke zaɓa wa matuƙi ta inda zai tashi da ta inda zai sauka. Shi ya sa mai shiga Abuja wata rana zai hango Dutsen Zuma, wanda ke jikin tsohuwar takardar naira 100, wata rana kuma sai na ɗaya gefen ya ba shi labari.

Sai batun layi. Tsakiyar jirgi wurin fiffike ne, a guje shi. Gaba ya fi, amma sau da yawa da ƙarin kuɗi. Can baya ma ana gani, illa dai zafin da injin ke fesowa yakan sa hoto ya yi rawa. A duba taswirar kujeru tun lokacin sayen tikiti, domin akwai layin da ake kiransa na taga alhali bango ne a gefensa.

Duk wannan dabara hazo na iya rushe ta. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi takan rufe Arewa, har a soke tashin jirage a Kano. A tsakiyar damina kuma gajimare ne shimfiɗe a ƙarƙashinka. A ganina babu kamar kaka, wajen Oktoba, lokacin da ruwa ya wanke sama kuma ƙura ba ta iso ba.

Idan jirgi ya kai ƙafa 35,000, gari guda bai fi tabarma ba. Kallon gaske yana cikin mintunan farko da na ƙarshe, daidai lokacin da ma'aikatan jirgi ke cewa a ɗage murfin taga, to kada barci ko waya su cinye maka su. Wanda kuma ya san zai riƙa tashi zuwa banɗaki, ko dattijo mai ciwon gwiwa, ya haƙura da taga ya nemi kujerar bakin hanya, ya hutar da kansa da maƙwabtansa.