Yadda neman sabon launi ke barazana ga asalin koren dawisu

A gonakin masu kiwon tsuntsaye a Amurka da Turai, yanzu ana samun dawisu fari fat, da mai ruwan toka, da mai ruwan tagulla, har da dabbare-dabbare. Ƙungiyar United Peafowl Association ta Amurka ta lissafa nau'o'i fiye da 200. Sai dai dukkansu daga jinsi biyu suka samo asali: shuɗin dawisu na Indiya da koren dawisu na kudu maso gabashin Asiya.

Daga ina launukan suke fitowa?

Hanya ta farko ita ce sauyin da kan faru da kansa a ƙwayar halitta. Idan aka ƙyanƙyashe ɗan tsako mai launi na daban, sai mai kiwo ya ware shi, ya riƙa haɗa shi da danginsa har launin ya zauna a zuriya. Da haka aka samu farin dawisu, wanda mutane da yawa ke ɗauka zabiya ne, alhali idanunsa shuɗaye ne, ba jajaye ba.

Hanya ta biyu ita ce barbara tsakanin shuɗi da kore. Ruwa-biyun da ake samu ana kiransa Spalding, sunan wata mata a jihar Kalifoniya da ta yi fice wajen wannan haɗi. Yana gado tsayi da ƙyallin kore, kuma ya fi kore jure sanyi.

Aikin na buƙatar haƙuri. Ƙwai na ɗaukar kimanin kwana 28 kafin ƙyanƙyasa, namiji kuma sai ya kai shekara uku kafin jelarsa ta cika.

Inda gizo ke saƙa

Alfadari ba ya haihuwa, amma Spalding yana hayayyafa. Idan aka ci gaba da haɗa shi da kore, bayan 'yan zuriyoyi zai yi wuya a bambance shi da kore na asali da ido kawai.

Wannan ne ke damun masu kare namun daji. Tun 2009 hukumar IUCN ta sanya koren dawisu cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, sakamakon farauta da sare dazuzzuka a ƙasashe irin su Myanmar, Vietnam da tsibirin Java na Indonesiya. Tsuntsayen da ke gidajen zoo da hannun masu kiwo su ne madogara idan za a mayar da jinsin daji. In jininsu ya gauraye, madogarar ta rushe.

Shi ya sa masana ke shawartar masu kiwo su raba keji, su rubuta iyayen kowane tsako, kuma kada a sayar da ruwa-biyu da sunan na asali. Inda ake da shakku, gwajin ƙwayar halitta na DNA ne ke raba gardama.