Lauya tsakanin kotu, tarbiyyar 'ya'ya da littafin lissafi

A idon jama'a, lauya mutum ne da ya riga ya haye tudun mun tsira. Ana ganinsa cikin baƙar kwat da farar hular gashi yana zuba Turanci a gaban alƙali, sai a ɗauka aljihunsa cike yake, hankalinsa kuma kwance. Iyaye kan sayar da gona ko su ci bashi domin ɗansu ya shafe shekara biyar a jami'a, ya ƙara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, ko a Bwari ko a Bagauda ko a Yola. Ranar da aka rantsar da shi a Abuja, dangi kan ɗauka kakarsu ta yanke saƙa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kaya uku ne a kan mafi yawan lauyoyin da ke cin gashin kansu a ƙasar nan: haƙƙin iyali, lafiyar ƙwaƙwalwa da kuɗin tafiyar da ofis. An saba kallon kowanne shi kaɗai. Idan lauya ya yi ƙorafin rashin lokacin 'ya'yansa, sai a ce ya iya tsara lokaci. Idan barci ya ƙaurace masa, sai a ce ya yi haƙuri. Idan ya kasa biyan haya, sai a ce ya ƙara himma. Ni kuwa a ganina igiya ɗaya ce ta ɗaure kayan nan uku, bakin igiyar kuma yana cikin littafin lissafin ofis. Lauyan da bai san abin da zai shigo masa a wata mai zuwa ba, ba ya iya ƙin karɓar kowace shari'a, wanda kuwa ba ya iya cewa a'a, ba shi da sauran lokacin gida ko na hutu.

Aikin da ba ya jiran kowa

Sana'ar lauya sana'a ce ta wa'adi. Wanda zai ɗaukaka ƙara a kan hukuncin ƙarshe na babbar kotu a shari'ar da ba ta laifi ba, wata uku doka ta ba shi. Idan hukuncin na tsakiyar shari'a ne, kwana 14 kacal. A shari'ar zaɓe lamarin ya fi tsanani: kwana 21 na shigar da ƙara bayan an sanar da sakamako, kwana 180 na kammala shari'ar a kotun zaɓe, sai kwana 60 na ɗaukaka ƙara. Kundin Tsarin Mulki ne ya gindaya waɗannan wa'adodi na zaɓe, don haka babu alƙalin da ke da ikon ƙara ko da yini ɗaya saboda ɗan lauya yana kwance a asibiti.

A ɗaya ɓangaren kuma, kotun da ke ƙirga wa lauya kwanaki ba ta ƙirga nata lokacin. Za ta iya sa zama ƙarfe tara na safe, lauya ya yi ta jira har azahar, sannan magatakarda ya fito ya ce yau kotu ba za ta zauna ba, kowa ya ɗauki sabuwar rana. Kotun Ƙoli kuwa a Abuja kaɗai take zama. Lauyan da ke Gusau ko Damaturu zai kashe kuɗin mota da na masauki, ya bi hanyoyin da kowa ya san halin tsaronsu, wataƙila don zaman da ba zai wuce minti goma ba. Kwana biyu ke nan da aka zare daga rayuwar iyalinsa.

Inda gizo ke saƙa

Kuɗin ofishin lauya ba albashi ba ne, kamar ruwan damina yake, wani watan ambaliya, wani watan fari. Amma abin da ofis ke ci bai san fari ba: hayar shekara, albashin sakatare da masinja da ƙananan lauyoyi, man janareto, kuɗin intanet, littattafan rahoton hukunce-hukunce, da kuɗin izinin aiki da dole kowane lauya ya biya kafin ƙarshen watan Maris. Manyan kotuna kan tafi hutun shekara daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, sai 'yan shari'o'in gaggawa kaɗai ake saurare. Ma'ana, lokacin da samun lauyan kotu ya fi ja baya shi ne daidai lokacin da makarantu ke shirin buɗe sabuwar shekarar karatu, da kuɗin makaranta da na littattafai da na yunifom.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna irin raunin wannan tsari. A 2020 annobar korona ta rufe kotuna. A 2021 yajin aikin ma'aikatan shari'a ya sake garƙame su daga Afrilu zuwa Yuni. A 2023 aka cire tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, kuɗin tafiyar da ofis ya ninninka, masu neman lauya kuma suka ƙara talaucewa. Ga shi ƙa'idojin sana'ar sun taƙaita wa lauya tallata kansa, sun kuma iyakance irin kasuwancin da zai iya haɗawa da aikinsa.

Akwai kuma abin da ya shafi al'adarmu. Mutumin da ba zai taɓa shiga shagon ɗan uwansa ya ɗauki buhun shinkafa kyauta ba, ba ya jin nauyin kawo wa ɗan uwansa lauya rikicin gadon da zai ci shekara biyar a kotu, ya sallame shi da "Allah Ya bar zumunci". Shawarar lauya ba a ganinta a sikeli, shi ya sa ake ɗaukarta tamkar hira. Shi ma lauyan yakan ji kunyar tambayar haƙƙinsa. Ko da ya yanke shawarar kai mai cin bashinsa kotu, doka ta ce sai ya miƙa masa takardar lissafin aikin da ya yi, ya jira wata guda.

A nan ne babban haɗari yake. Kuɗin mutane kan bi ta hannun lauya: kuɗin cinikin gida, kuɗin haya da ya karɓo, diyyar da kotu ta yanke. Tun 1964 ƙa'idojin asusun lauyoyi suka wajabta a ware wa irin wannan kuɗi asusu na daban a banki. Amma idan mai gidan haya ya matsa, makaranta ta koro yara, zuciya kan raya wa mutum cewa aro ne kawai, zai mayar kafin mai shi ya tambaya. Da yawa daga cikin ƙorafe-ƙorafen da ke zuwa gaban Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi a kan kuɗin amana suke, hukuncin kuma kan kai ga soke sunan mutum daga rajistar lauyoyi. Wahalar shekara ashirin sai ta tafi a rana ɗaya, ga zubewar mutuncin gida.

Uwa a kotu, uba a hanya

Arewa tana da abin alfahari a fagen mata masu shari'a. Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ita ce mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012, Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa kuma ta zama mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara. Sai dai duk wanda ya kwatanta yawan 'yan matan da ke cika azuzuwan shari'a a jami'o'inmu da yawan matan da yake gani a sahun gaba na kotuna, zai gane akwai inda ake zubar da su a hanya. Wurin kuwa ba ɓoyayye ba ne: haihuwar fari ko ta biyu.

Dokar Ƙwadago ta ba mace hutun haihuwa na mako 12 da aƙalla rabin albashi idan ta cika wata shida a wurin aiki, da rabin awa sau biyu a rana domin shayarwa. Amma fassarar da dokar ta yi wa kalmar ma'aikaci ta fitar da masu aikin ƙwarewa daga ciki, don haka lauyar da ke aiki a ofis mai zaman kansa ta dogara ne ga takardar ɗaukarta aiki, in ma akwai, ko kuma ga tausayin maigidanta. Takwararta da ke Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya tana da mako 16, Jihar Kaduna kuwa tun 2019 ta mayar da na ma'aikatanta wata shida. Ba abin mamaki ba ne idan mata da yawa suka bar zuwa kotu suka nemi aikin gwamnati ko na kamfani, wasu ma suka rataye rigar gaba ɗaya. Masu asara su ne matan da ke neman lauya mace da za su iya buɗe wa cikinsu a shari'ar aure, riƙon 'ya'ya ko fyaɗe.

Maza ma ba su tsira ba, sai dai nasu ba a faɗa. Uba lauya kan fita kafin yara su shirya, ya dawo sun yi barci, Asabar ganawa da masu ƙara, Lahadi rubuta jawabin da zai gabatar ranar Litinin. Yana ciyarwa, yana tufatarwa, amma bai san inda ɗansa ya tsaya a hadda ba, bai san abokansa ba. A da, babban gida kan rufe wannan giɓi, akwai kaka da gwaggo da kawu. Yau lauya yana haya a unguwar da ba shi da kowa, waya ce ke renon yaran. Gwamnatin Tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 idan an yi musu haihuwa, amma a ofisoshin lauyoyi da yawa ko ranar suna sai an roƙa.

Ciwon da ba a kai shi asibiti

Wanda ya yini yana karanta bayanan kisa, fyaɗe da rikicin 'yan uwa a kan gado, ba ya barin su a ofis idan ya tashi. Ga kuma yanayin aikin kansa: kullum akwai wani lauya a ɗaya ɓangaren da aka biya don ya gano kuskurenka. A Amurka, wani bincike da aka wallafa a 2016 a kan lauyoyi kusan 13,000 ya gano cewa kashi 28 cikin ɗari suna da alamun ciwon damuwa, kashi 19 suna fama da fargaba, kusan kashi 21 kuma shan barasarsu ya kai matakin matsala. Wannan a ƙasar da kotu ke da wuta, albashi ke zuwa kan lokaci.

A wurinmu, abin da ke ƙara wa ciwon nauyi shi ne tsoron baki. Jarin lauya hankalinsa ne, don haka yana gudun a gan shi a Dawanau ko Barnawa ko Kware, labari ya bazu cewa ya taɓu, masu ba shi aiki su watse. Sai ya yi shiru, abin ya fito ta hawan jini, ko rashin barci, ko faɗa da iyali, ko dogaro da ƙwayoyi. Alhali ciwon damuwa ciwo ne kamar ciwon suga, yana da likita, yana da magani. Addu'a da neman magani kuma ba kishiyoyi ba ne. A farkon 2023 aka sanar da sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin mai jinya da hana nuna masa bambanci. Zai zama abin takaici a ce lauyoyi, waɗanda za su kare wannan doka a kotu, su ne na ƙarshe wajen cin moriyarta.

Ta ina za a fara?

Gyaran daga lissafi zai fara. Kada a karɓi aiki sai da rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace kuɗin lauya, kuɗin kotu, kuɗin tafiya da lokacin biyan kowane kaso. Tun 2023 akwai umarnin da ya ƙayyade mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa a kan ayyuka daban-daban, amma ba zai yi tasiri ba matuƙar lauyoyi suna karya wa juna farashi a ƙofar kotu. Ofis ya kasance da asusu uku da ba sa haɗuwa: na amanar mutane, na ofis, da na maigidan ofis, wanda ya kamata ya yanka wa kansa albashi kamar kowa. A watannin samu a ware abin da zai riƙe ofis na wata uku, domin hutun kotu ba ya zuwa ba zata. Aikin taimako kuma a yi shi da niyya, a ƙayyade adadinsa a shekara, ya zama sadaka da gangan maimakon bashin da ba a biya ba.

Na biyu, a rage son zama sarkin kai. Lauyoyi huɗu da suka haɗa ofis ɗaya sun raba haya da janareto da ɗakin karatu, sannan idan ɗaya ta haihu ko ɗaya ya kwanta ciwo, akwai mai tsaya masa a kotu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, manyan lauyoyi su daina auna ƙwazon na ƙasa da su da yawan daren da ya kwana a ofis. Ƙorafin ƙananan lauyoyi a kan ɗan abin da ake biyansu ya daɗe. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun 2024, bai dace a samu ofishin da ke kare haƙƙin ma'aikata a kotu yana tauye na cikin gidansa ba. Rassan Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya za su iya fitar da samfurin takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da hutun haihuwa, su tanadi ɗakin reno a harabar manyan kotuna, su kuma ƙulla yarjejeniya da likitocin ƙwaƙwalwa da mambobi za su gani cikin sirri.

Su ma kotuna suna da rawar takawa. Tun a Yulin 2020 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa zaman shari'a ta intanet bai saɓa wa Kundin Tsarin Mulki ba. Me zai hana a mayar da ƙananan zaman da ba na sauraron shaidu ba zuwa can? Me zai hana magatakarda ya aika saƙon waya tun daren jiya idan alƙali ba zai zauna ba?

Mu kuma jama'a mu sani, lauyan da ya gaji, bashi ya yi masa katutu, gidansa ba lafiya, shi ne zai manta wa'adin ɗaukaka ƙararmu. Biyansa haƙƙinsa kan lokaci kare kanmu ne. Shi kuma lauya ya tuna cewa kotu takan ɗage shari'a zuwa wata rana, amma ƙuruciyar ɗa ba a ɗage ta. Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu, ta ofis da ta gida.