Ina ungulayen kwata suka shiga?

Mai karatu, yaushe rabonka da ganin ungulu tana jewa a sararin Maiduguri? Tambayi dattawan mahauta a Kasuwar Shanu, za su gaya maka yadda a da sai an kore su kafin a samu damar gyara kayan ciki. Yau da wuya ka ga ko ɗaya.

Tsuntsuwa ce mai jinkirin haihuwa. Ƙwai ɗaya tak take yi a sheƙarta can saman kuka ko giginya, uwa da uba su yi ta karɓa-karɓar kwanci kusan kwana 50. Ka sare bishiyar, ka kashe uwar, shekarar ta tafi a banza. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka irin ungulunmu a sahun masu dab da ƙarewa.

Kada ka ce ina ruwanka. Ruwan cikin ungulu yana da tsamin da ke halaka yawancin ƙwayoyin cutar da ke jikin mushe. Indiya ta ɗanɗana rashinta. Can ana yi wa shanu allurar diklofenak, maganin ciwon jikin nan da kowane kyamis ke sayarwa. Ungulun da ta ci mushen saniyar sai ƙodarta ta mutu cikin 'yan kwanaki. Fiye da kashi 95 cikin ɗari suka ƙare, mushe ya taru, karnuka suka yi yawa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin.

A nan gida kuwa, kasuwar masu magani ce ke cinye ta. Ana sayen kanta da ƙafafunta don neman sa'a, ko a jiƙa wa mai farfaɗiya da mai taɓin hankali. A matsayina na mai harhaɗa magunguna, wannan ne ya fi tayar mini da hankali: sau da yawa da guba ake kama tsuntsuwar, gubar kuma ba ta san mai kuɗi ya saya ba. Yaro mai farfaɗiya a kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke nan Maiduguri. Akwai ƙwayoyin da ke tsayar da faɗuwar.

Mai kiwo kuma, ko rago ɗaya ke gare ka a bayan gida, ka tambayi likitan dabbobi meloksikam, wanda ba ya cutar da ungulu. Dabbar da ta mutu bayan allura, a haƙa rami a binne ta.