Ratar da Ido Ba Ya Gani: Gwada Dacewar Kaya a Firintar 3D

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Sabon Gari ta Kano, wadda a takarda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, ya san yadda ake cinikin kayan gyara. Mutum zai zo da guntun abu ƙulle a leda: marfin tankin janareto, ko robar da ke juya wuƙar bilanda, ko maɓallin fanka da ya tsage. Mai shago ba ya tambayar awo. "Alhaji, kawo tsohon mu gani," sai ya zazzage kwali, a yi ta gwadawa har a dace. In ba a dace ba a ce a leƙa France Road, in kuwa na mota ne a nufi Ƙofar Ruwa. Sau da yawa haka za a gama zagayen hannu rabbana, a jingine inji da ransa saboda wata 'yar roba da ba ta kai girman goro ba.

Irin wannan giɓin ne firintar 3D ta gida ke iya cikewa. Na'ura ce da ke jan zaren roba mai kaurin milimita 1.75, ta narka shi, ta fitar da shi ta wani ɗan baki mai faɗin milimita 0.4, tana shimfiɗa shi hawa-hawa har siffar da aka zana a kwamfuta ta miƙe. Wani Ba'amurke, Scott Crump, ya nemi rajistar wannan fasaha a 1989, kuma bayan wa'adin rajistar ya ƙare a 2009 farashin na'urorin ya faɗo warwas. Ko a nan Afirka ta Yamma, a 2013 Afate Gnikou ya haɗa tasa a birnin Lome na Togo da tarkacen tsofaffin kwamfutoci. Yau ɗalibi ko mai gyaran kayan lantarki na iya yin odar ƙarama ya ajiye a kan tebur.

Amma ranar da sabon shiga ya fara buga abin da zai shiga cikin wani abu, ranar ce murna ke komawa ciki. Ɗauki boris mai lamba 608, wanda faɗinsa milimita 22 ne cif, raminsa 8, kaurinsa 7. Ka zana masa gida mai rami 22, ka buga, ka kawo boris, ya ce bai san zancen ba. Ka sa guduma, gidan ya tsage. Na'urar lafiyarta lau, zanenka ma daidai yake. Abin da ya faru shi ne robar da ke fitowa a narke tana bajewa gefe idan aka danne ta, in bakin na'urar yana zagaya da'ira yakan ɗan ja ta zuwa ciki, in ta huce kuma ta tsuke. Da'irar da ke cikin fayil ɗin zanen ma gajerun layuka ne miƙaƙƙu da aka jera, suna cin kaɗan daga faɗin ramin. Shi ya sa a irin waɗannan na'urori rami yakan fito ƙasa da awonsa, sanda kuma ta ɗan fi nata. Ga kuma hawan farko, wanda ake dannawa sosai don ya kama farantin da ake bugu a kai: yakan fito da ɗan leɓe a gindi, abin da masu harkar ke kira ƙafar giwa. Wannan leɓen kaɗai ya isa ya hana abu shiga.

Abu biyu ne a nan, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai kuskuren na'urar kanta, wato yadda abin da ta buga ke ɗara awo ko ya gaza, wanda a firintar gida mai lafiya yakan kai milimita 0.1 zuwa 0.2. Wannan ba ka da iko a kansa sai dai ka rage shi. Akwai kuma ratar da kai mai zane ka bari da gangan tsakanin abu biyu. Kafinta ya san wannan tun fil azal: ba ya yanka ƙofa daidai da bakin firam, domin ya san katako zai kumbura da damina, sai ya bar mata wurin motsi. Bambancin kawai shi ne ratar kafinta ido na ganinta, taka kuwa ba ta wuce kaurin takarda biyu ko uku ba, tunda takardar rubutu ɗaya kimanin milimita 0.1 ce.

To, nawa za a bari? Lambobin da aka saba farawa da su su ne ƙarin 0.1 zuwa 0.2 a faɗin rami in ana so abu ya shiga da matsi ya zauna daram, 0.3 zuwa 0.4 in ana so a riƙa zarewa da mayarwa, 0.5 ko fiye in ana so ya juya a sake. A lura da lissafin, nan ne mutane ke yin tuntuɓe: ratar 0.2 a kowane gefe na da'ira ƙarin 0.4 ne a faɗinta. Waɗannan lambobin kuwa mafari ne kawai. Na'ura biyu 'yan kamfani ɗaya, da aka saya rana ɗaya, kowace da halinta. Wanda ya kwafi lambar wani daga intanet ya buga aikin awa shida a kanta, caca ya yi.

Gwajin ba shi da wahala, kuma ba ya cin roba. Da farko a sayi kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu, in da hali mai nuna lamba a gilashi, domin tef ɗin tela da rula ba su ganin 0.1. A buga ɗan dunƙule mai milimita 20 ta kowace fuska, a auna. In tsawo da faɗi sun saɓa wa juna, a duba bel ɗin na'urar, wataƙila ya saki. In duk ɓangarorin sun ɗara, robar da ke fita ta yi yawa, a rage ta a manhajar da ke yanka zane hawa-hawa kafin bugu, Cura ce ko PrusaSlicer. Sai an daidaita wannan ake zuwa ga rata.

Daga nan a zana zobba shida, tsayin kowane bai wuce milimita 5 ba, ramukansu daga 22.0, 22.1, har zuwa 22.5, a rubuta wa kowane lambarsa a jiki don kada su rikice. A ɗan fiƙe bakin ramin ta ƙasa a cikin zanen saboda leɓen nan. In an gama bugu a bar su su huce sarai kafin a taɓa, domin roba mai ɗumi ƙarya take yi. Sai a ɗauko boris ɗin a bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani zai ƙi sam. Wani zai karɓa in ka danna da manyan yatsu biyu, ka ji ya nutse a hankali, ka kife shi ka girgiza bai faɗo ba. Na gaba zai shiga salin-alin. Na ƙarshe zai yi lako-lako, kana jin ƙararsa in ka kaɗa. Yatsa ya fi ido sanin wannan aiki. Lambar da ta ba ka abin da kake so, ita ce lambar na'urarka da wannan zaren, sai ka rubuta ta a littafi tare da irin robar, da kamfaninta, da zafin da ka buga. A kuma buga zoben a yadda ainihin kayan zai kwanta a faranti, domin ramin da ke kallon sama daban yake da wanda ke kallon gefe. Na gefen rufinsa yakan ɗan zubo, ya fito kamar ƙwai.

Yanayinmu na Kano yana da nasa hukuncin, kuma littattafan da ke zuwa da na'urorin ba da mu aka rubuta su ba. Robar da aka fi bugawa da ita, PLA, tana fara laushi a wajen digiri 60. A watan Afrilu zafin gari kan kai digiri 40 a inuwa, to ina ga cikin motar da aka rufe a rana, ko jikin janareto, ko kan motar fanka da ta wuni tana juyi? Gidan boris da ya kama tsam da safe yana iya saki kafin la'asar, kuma ba zai koma ba. Abin da zai zauna a wuri mai zafi gara a yi shi da PETG, wadda ke jurewa har wajen digiri 80, ko ABS da ke kaiwa wajen 100, sai dai ita ABS ta fi tsukewa in ta huce. Canjin roba kuwa sabon gwaji ne daga farko. Da damina, musamman a Agusta, zaren da aka bari a buɗe yana shan laima. Za ka ji yana tartsatsi a bakin na'ura, ramuka su cika da silili da ƙuraje, rata ta ɓace. A ajiye shi a bokiti mai marfi da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi. Da hunturu kuma iska mai sanyi kan ɗaga kusurwoyin aiki daga faranti, ƙura ta hau sandunan na'urar.

Sauran rabin aikin yana wajen kayan kasuwa. Kada a yarda da sunan da ake kiran abu da shi, a sa masa kalifa. Bututun ƙarfe da ake ce wa rabin inci, faɗinsa na waje kimanin milimita 21.3 ne, alhali rabin inci na gaskiya 12.7 ne. Bututun roba na wayar lantarki da ke kama da shi kuwa 20 ne. Notin M8 a ƙa'ida sifana 13 ke kama shi, amma kowane bakanike ya san na babura da motocin Japan sifana 12 ne. Boris na kirki awonsa ba ya motsi, kayan roba masu araha kuwa kwali ɗaya ma sai ka samu sun bambanta. Don haka ainihin abin da za a haɗa shi ake gwaji da shi, ba ɗan'uwansa ba. In rami ya ɗan matse, sanfefa ko bakin diril na iya gyarawa. In ya yi yawa, sai dai gam, aikin gam kuwa kowa ya san kwanansa.

A ganina duk mai son ya karɓi kuɗin mutane da wannan na'ura, zoben gwaji ya kamata ya fara nuna wa mai kaya kafin ya ce a dawo gobe. Kuma akwai wuraren da ko rata ta yi daidai bai kamata robar gida ta je ba: kan tukunyar gas, birkin babur ko na mota, cikin soket da filogin wuta, da duk abin da zai ɗauki nauyin mutum. Kayan da aka buga hawa-hawa yakan ɓalle ta tsakanin hawan ba tare da ya nuna alama ba. Irin waɗannan, jama'a, a daure a sayi na kamfani.