Gwajin da ke koya wa ɗalibi kwamfuta

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta, don haka ɗan sakandare a Limawa, cikin Jimeta, ba shi da makawa sai ya iya kwamfuta. Amma dubi gwajin da aka saba yi a aji: "Mece ce kwamfuta?" Yaro ya haddace amsa ya kwashe maki, alhali bai taɓa adana fayil ba.

Akwai hanyar da ta fi. Malami ya rubuta gajeren shiri da harshen kwamfuta na BASIC a allo, layi biyar, ya saka kuskure ɗaya da gangan, ya ce a nemo. Ko ya tambaya: idan aka shigar da 7, me zai fito? Kowa ya rubuta amsarsa a takarda ya ɗaga. Nan take malam zai ga wanda ya gane da wanda ke bin yarima a sha kiɗa, ya gyara kafin a tashi. Ko an ɗauke wuta ana yin wannan.

In kwamfutoci sun yi kaɗan, a zaunar da ɗalibai biyu-biyu, ɗaya na bugawa, ɗaya na dubawa, sannan su yi musaya. Kafin maki, a nuna wa yaro layin da ya karkace ya gyara da kansa.